Mahaɗar Jirgin Ƙasa ta Zariya da Hanyoyin Ƙasar Adar

Har yau ba a taɓa shimfiɗa ko taku ɗaya na dogo a ƙasar Adar ba. Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, daga Illela zuwa Badagishiri har a dangana da Tawa, babu garin da ya taɓa jin kukan jirgin ƙasa. Amma duk wanda ya zauna ya bi diddigin yadda kasuwannin wannan yanki suka bunƙasa, da inda dabbobinsa suka riƙa zuwa, da hanyar da samarinsa suka riƙa bi zuwa cin rani, zai tarar sawun yana kai shi ga tashar jirgin ƙasa ta Zariya, wurin da dogo ya taɓa rabuwa gida huɗu. Tarihin wannan mahaɗa wani ɓangare ne na tarihin Adarawa, ko da yake tana cikin wata ƙasa, kuma ba domin su aka gina ta ba.

Kafin zuwan dogo

Tun fil'azal Adar ƙasar ratse ce. Abzin da Azawak suna arewa da ita, Sakkwato da Gobir da Kabi suna kudu, saboda haka ayarin raƙuma da ke saukowa da gishiri da dabino, ya koma da hatsi da tufafi, ba ya rasa bi ta cikinta. Adarawa da kansu suna cikin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, kuma a ƙarni na 19 kasuwar Jega ce babbar matattararsu. Tafiya ce ta jakai da takarkarai a ƙarƙashin madugu, wadda zuwa da dawowarta ke cin wata shida, wani lokaci har shekara, ana biyan fito a bakin kogi, ana biyan gaisuwa a ƙofar kowane sarki.

Da Turawa suka zo rabon ƙasa, yarjejeniyar shekara ta 1898 ta zana wa Ingila da'ira mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, abin da ya sa Ƙonni ta faɗa a hannun Ingilishi bisa takarda, Faransawa kuwa suka rasa hanya mai ruwa tsakanin Yamai da Damagaram. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka tura iyakar kudu, sa'annan tsakanin 1906 da 1908 tawagar Kyaftin Tilho da ta Manjo O'Shee suka bi suna kafa alamomi. Sakamakon haka shi ne Adar da Ƙonni suka tabbata a mulkin Faransa, alhali kasuwannin da suka saba ci, da dangin da suka saba ziyarta, da malaman da suke kai wa almajirai, duk suka kasance a ɗaya gefen.

Yadda Zariya ta zama mahaɗa

A shekara ta 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard shugabancin Arewacin Nijeriya. Injiniyan soja ne wanda ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a Sudan, kuma aikin da aka turo shi yi ke nan. An faro dogon daga Baro a bakin kogin Kwara, aka miƙa shi arewa kimanin kilomita 570, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. A 1912 aka buɗe shi ga ƴan kasuwa, aka kuma haɗa shi a Minna da layin da ya taso daga Ikko. Aikin ba na injuna ba ne. Dubban talakawa ne suka yi shi da diga da shebur da kwando, waɗanda aka riƙa ɗibowa ta hannun hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gado a 1903 kuma aikin ya ratsa ƙasarsa a idonsa, ya tsara waƙa a kansa wadda aka sani da Waƙar Diga.

Da farko Zariya zango ce kawai a kan hanyar Kano. Abin da ya mayar da ita mahaɗa shi ne kuzar ƙasar Jos. Kamfanonin haƙar kuza sun matsa a ba su hanyar fitar da kaya, sai aka ja wani ɗan siririn dogo daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau dutse, ya isa Jos da Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali na babban layin ƙafa 3 da inci 6. Mai karatu ya lura da wannan bambanci na ƙafa guda, domin shi ya cika tashar Zariya da mutane. Taragon da ya taso daga Bukuru ba ya iya hawa layin Ikko, don haka kowane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an ɗora a wani tarago, haka kuma kayan inji da abincin ma'aikatan ma'adinai da ke hawa can. Aikin dako ya samu dare da rana, masu sayar da abinci suka bi ƴan dako, masu ba da masauki suka bi baƙi.

A gefen tashar ne Sabon Gari ya tsiro, nesa da ganuwar birni. Akawuna da direbobi da makanikai daga kudu, da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, nan aka zaunar da su, yayin da baƙi Musulmi na arewa suka fi sauka a Tudun Wada. Kantunan Turawa irin su John Holt da Niger Company suka jeru kusa da dogo, kamfanin auduga na Ingila ya kafa injin gurza. A yau Sabon Gari ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, kuma ba abin mamaki ba ne da aka zaɓi Zariya a 1986 domin kafa cibiyar koyar da fasahar sufuri ta Nijeriya.

Auduga Turawa suka yi wa dogon tun asali, domin masaƙun Lankasha. Manoman ƙasar Kano suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana iya cinta idan shekara ta ƙi. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta kai wajen tan 19,000, bayan a shekarun baya ba ta taka kara ta karya ba, har kaya suka fi ƙarfin taragai. Mafi yawan wannan gyaɗa ta tashar Zariya ta wuce. A daidai wannan lokaci kuma fataucin Sahara tsakanin Kano da Tarabulus ya durƙushe, domin kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗauka, jirgi na kawo su daga bakin teku cikin kwana biyu zuwa uku.

Reshe na huɗu, wanda shi ya fi shafar Adar, ya zo daga baya. A cikin shekarun 1920 aka ja dogo daga Zariya zuwa arewa maso yamma, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Kaura Namoda a 1929, tafiyar sama da kilomita 200. Bai kai Sakkwato ba, har yau kuma bai kai ba. Daga 1929 zuwa 1957, shekarar da aka rufe siririn layin Jos, jirgi na tashi daga Zariya ya nufi Kano, ko Kaduna da Ikko, ko Jos, ko Kaura.

Ƙofar Adarawa a Kaura da Gusau

Daga Badagishiri zuwa Kaura Namoda kimanin kilomita 250 ne a miƙe, wato tafiyar kwana goma ko abin da ya yi kusa ga mai kora dabbobi. Wanda ya gangara ta ƙasar Gobir ya bi Sabon Birni da Isa da Shinkafi ya faɗa Kaura. Wanda ya bi ta Ƙonni ya ratsa Illela ta Nijeriya (takwarar Illelar Sarkin Adar, wadda baƙi kan rikita su) ya shiga Sakkwato, daga nan ya nufi Gusau. Waɗannan tashoshi biyu su suka zama bakin teku ga mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. Gusau ta tashi daga matsakaicin gari ta zama cibiyar ciniki ta lardin Sakkwato baki ɗaya, Jega kuwa, wadda dogo ya kauce wa, darajarta ta ja baya.

Gaskiyar magana, Adar ba ƙasar gyaɗa ba ce kamar Maraɗi da Damagaram. Dukiyarta dabbobi ce, da fata da ƙirgi, da ƙarfin samarinta, kuma dukansu jirgi ya buɗe musu kasuwa. A da, saniyar da aka kora da ƙafa zuwa ƙasar Yarbawa sai ta ratsa dazuzzukan ƙudan tsando, ta isa a rame, idan ma sammore bai kayar da ita a hanya ba. Da tarago ya samu, sai a loda shanu a Kaura ko Gusau, a juya su a Zariya, su sauka Ibadan ko Ikko da sauran tsokarsu. Wannan ne ya ba falke ƙarfin zuciyar sayen bijimin Azawak da tsada a kasuwannin arewa, har kuɗin ya iso hannun makiyayi. Fatar jan akuya, wadda masu jima na Turai ke nema ruwa a jallo, ita ma wannan hanya ta bi.

Taragon da ya sauka da shanu goro yake hawowa da shi. Manoman Agege da Abekuta sun dasa goro a kusa da dogo, sai huhun da a da ke shafe watanni a bayan jaki daga Gwanja ya koma isowa ɗanye shar cikin ƴan kwanaki. Goro ya sauko daga abin sarakuna da attajirai ya zama abin da talaka ke rabawa a wurin suna da ɗaurin aure. Tare da shi akwai akoko da atamfa, da kananzir da fitilar ƙwai, da ashana da sukari da tasoshin kwano. Kuɗin Ingilishi ma ya biyo kaya, har sule da sisi da kwabo suka riƙa yawo a kasuwannin Ƙonni da Adar kafaɗa da kafaɗa da dala da tamma.

Sai kuma mutane. Da an gama girbi, samari su ɗaura ƴan ƙunshinsu su tafi bida, wasu ga aikin auduga a Gusau da Funtuwa, wasu ga dako da ga-ruwa a Zariya da Kano, wasu ga ramukan kuza a Jos, masu dogon buri kuma su zarce zangon Sabo na Ibadan ko Agege. Maniyyata aikin hajji su ma ta Zariya suke bi, su sauka inda dogo ya ƙare ta gabas, su ci gaba a mota ko a ƙafa ta Barno da Chadi har su riski jirgin ƙasar Sudan a El Obeid. Dogon bai isa Maiduguri ba sai 1964.

A nan ne lamarin ya taɓa sarauta kai tsaye. Kumandan na neman bodo da kuɗin Faransa, yana neman leburorin aikin tilas na hanyoyi da gine-gine, kuma sarkin kanto da masu gari ake ɗora wa nauyin kawowa. Talaka kuwa ya san cewa tafiyar ƴan kwanaki kudu akwai aikin da ake biya da tsabar kuɗi. Idan aka tsananta, gida guda ya watse cikin dare, wani lokaci unguwa sukutum, su ƙetare iyaka. Idan aka sassauta, kumandan ya ce sarki ya gaza. A shekarun yunwa irin 1931, lokacin da fara ta cinye amfanin gona, ƙaurar ta fi ƙarfin kowa. Sarakunan da suka riƙe jama'arsu a wancan zamani sun yi haka ne da dabara da kawar da kai, domin sun gane cewa sau da yawa kuɗin da ɗan cin rani ya kawo daga Ingilishi da shi ake biyan harajin Faransa. Sai a watan Afrilu na 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, amma tafiya bida ta riga ta zama al'ada.

Dogon da Faransa ta yi alkawari

Ba wai Faransawa ba su ga abin da ke faruwa ba. Tun ƙarni na 19 suke mafarkin dogo mai ratsa Sahara daga Aljeriya, mafarkin da tawagar Kanal Flatters ta hallaka a kansa a 1881, aka kuma sake tono shi a 1941 ba tare da ya ƙetare Sahara ba. Wanda ya fi kama da mai yiwuwa shi ne na Dahome, wanda ya taso daga Kwatano da niyyar isa kogin Kwara. Ya kai Paraku a 1936, bayan kilomita 438, ya tsaya cak. Daga Badagishiri zuwa Paraku ta hanyar mota ya haura kilomita 800. Ba sai an yi wa falke lissafi ba kafin ya san inda zai nufa tsakanin nan da Kaura.

Domin karkato da kaya daga tashoshin Ingilishi, a shekarun 1950 aka ƙirƙiro shirin da aka laƙaba wa suna Hirondelle, wato tsattsewa: manyan motoci su hawo da kayan kanti daga Paraku, su koma da gyaɗa, hukuma na cika gibin kuɗin dako. An gina gadar Gaya da Malanbil a 1958, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN tsakanin Nijar da Dahome a 1959. Shirin ya yi tasiri ga kayan gwamnati da na manyan kamfanoni. Dabbobi da goro da ƴan cin rani kuwa ba su sauya alƙibla ba.

Zamanin gudron

Shekara ta 1964 ita ce ganiyar jirgin ƙasar Nijeriya, inda ya ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma adadin bai kai rabin haka ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa ƙwararrun ma'aikata ya lalata layin gabas, farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa ta Kano, kuɗin man fetur kuma aka zuba su a tituna aka bar dogo da tsofaffin injuna. Mai shanu ya ga tirela za ta zo har bakin kara ta ɗauka, ta sauke a Ikko ba tare da jiran tarago na kwana da kwanaki ba. Layin Kaura ya daɗe da daina zama abin dogaro ga ɗan kasuwa, tashar Zariya kuma, wadda a da ba ta barci, ta koma wurin da ake jin tarihin ta a bakin tsofaffin ma'aikatan reluwe.

Abin da ya rage wa Zariya shi ya ƙaru ga garuruwan da gudron ya ratsa, kuma Badagishiri na cikinsu. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta bi ta Ƙonni da Malbaza da Galmi, a Tsarnawa kuma reshe ya ɓalle ya yi arewa zuwa Tawa ta tsakiyar Badagishiri, inda hanyar Illela ke haɗuwa da shi. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka kuma shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit a wajajen 1980, sai wannan reshe ya zama jijiyar arewacin ƙasa gaba ɗaya. Shekaru da dama motocin da ke ɗauke da gangunan ma'adinin ta nan suka riƙa wucewa zuwa Doso da Gaya, su sauke a tashar jirgin Paraku. Simintin Malbaza, wanda aka fara sarrafawa tun shekarun 1960, da albasar Galmi da ta fadamun Adar, da ragunan layya masu zuwa Nijeriya da bakin teku, duk a bayan mota suke tafiya. Kasuwar dabbobi ta Badagishiri ta yi suna ne domin ta samu abin da Gusau ta samu a zamaninta: wuri ne da mai kiwo daga arewa ke iya isowa da ƙafa, mai saye daga kudu kuma ya iso da abin ɗauka.

Sai dai arzikin mararraba yana rataye ne da hanya a buɗe. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, rufewar ta haɗu da fari, har jama'a suka sa wa yunwar wannan shekara suna El Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sa'annan takunkumin CEDEAO na bayan 26 ga Yulin 2023 ya toshe ta Nijeriya da ta Benin a lokaci guda, ta Nijeriya ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Kowane karo dillalan dabbobi da manoman albasa su ke fara ji a jikinsu, kafin labari ya kai ofisoshin Yamai.

Sababbin layuka

A watan Afrilu na 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai, aka yi bikin isarsa Doso a Janairun 2016, tsawon kilomita 143. Ba a haɗa shi da Paraku ba, bai kuma shiga jigilar kaya ba. Faɗinsa mita guda ne irin na Benin, wanda bai dace da tsohon layin Nijeriya ba, bai kuma dace da sabon ba. Matsalar da ta sa ake sauke buhunan kuza a Zariya a 1914 ita ce dai za ta jira duk wanda ya yi niyyar haɗa waɗannan layuka.

Ta ɓangaren Nijeriya, sabon dogo mai faɗin milimita 1,435 ya fara aiki tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin miƙa shi daga Kaduna zuwa Kano, da tasha a Zariya. A watan Fabrairu na 2021 aka aza tubalin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil, kuma aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan aka kammala shi, shi ne zai zama dogo na farko da ya ƙetare iyakar da Tilho da O'Shee suka kafa wa alamomi, kuma kayan da aka loda a Maraɗi za su sake bi ta Zariya a kan hanyarsu ta zuwa teku. Daga Badagishiri zuwa Maraɗi ta Tsarnawa da Madawa kimanin kilomita 300 ne, kusan nisan da kakannin dillalan yau suke kora shanu zuwa Kaura Namoda.